Tsohon jirgin katako maras inji: yadda ake bin diddigin rajistarsa kafin a biya kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamin aikin katako ne a wata makarantar koyon sana'a a Jos. Na ga tallar wani tsohon jirgin sama na katako maras inji, samfurin Ka 6, ana sayar da shi a Ingila a kan kuɗin da bai kai na ƙaramar mota ba. Ina sha'awar in kawo shi ɗalibaina su ga aikin, in da hali ma wata rana ya tashi. Mai shi ya turo mini hotuna da haruffan da ke jikinsa. Wani abokina ya ce rajistar jirage sirrin tsaro ce, farar hula ba ya ganinta. Gaskiya ne? Ta yaya zan tabbatar da tarihin jirgin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ƙara basira. Maganar abokinka ta shafi jiragen soja ne, su kam lissafinsu yana hannun rundunarsu. Jiragen farar hula tsarinsu daban ne. Tun yarjejeniyar Faris ta 1919 ƙasashe suka amince kowane jirgi ya kasance yana da ƙasa da lamba, sannan aka sake ɗaure maganar a yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda Najeriya ta shiga a 1960. Sashe na 17 ya ce jirgi ɗan ƙasar da aka yi masa rajista ne. Na 18 ya hana shi zama a rajistar ƙasa biyu lokaci guda. Na 20 ya wajabta wa duk jirgin da ke ƙetare iyaka ya ɗauki lambarsa ɓaro-ɓaro a jikinsa. Shi ya sa kake ganin 5N a jiragen Najeriya, 5U a na Nijar, 9G a na Gana, TJ a na Kamaru, G a na Birtaniya, D a na Jamus, N a na Amurka. In ka taɓa jira a filin jirgin Abuja ka lura da ƙananan jiragen attajirai da ke ajiye, za ka ga da yawansu lambar waje suke ɗauke da ita, kuma duk mai wayar hannu zai iya gane ƙasar da kowanne ya yi rajista.

Sai dai sashe na 21 ya ɗora wa kowace ƙasa ne ta ba wa 'yar'uwarta ƙasa, ko hukumar jiragen farar hula ta duniya, ICAO, bayanin jirgi da mai shi in an nema. Bai ce a buɗe wa jama'a ba. Wannan an bar wa kowace ƙasa ta yanke da kanta, kuma a nan ne aka rabu.

Ka yi sa'a jirginka yana Ingila. Hukumar jiragen saman Birtaniya tana da rajista a intanet mai suna G-INFO, kyauta, ba a tambayar ka ko kai wane ne. Ka rubuta haruffan nan biyar, za ta fito maka da samfurin jirgin, lambar masana'anta, shekarar ƙira, lambar da ya taɓa ɗauka a baya, sunan wanda aka rubuta a matsayin mai shi, da matsayin takardar shaidar lafiyarsa. Amurka ma haka ta daɗe, rajistar hukumar FAA da ke Oklahoma a buɗe take, har kwafin fayil ɗin jirgi ana iya nema a biya kuɗin kwafi. Amma majalisarsu ta yi doka a 2024 da ta ba masu jiragen kansu damar neman a ɓoye sunansu da adireshinsu daga idon jama'a, aka fara aiki da ita a 2025. Jamus kuwa, inda aka ƙera jirgin naka, rajistarta tana hannun hukumar LBA a Braunschweig, kuma ba a baje take ga kowa ba. Sai ka rubuta ka nuna dalilin da doka ta yarda da shi. Can ɗin, lambar gilaida, wato jirgi maras inji irin naka, D ce da alƙaluma huɗu a bayanta.

Abu na farko ke nan da za ka yi yau: duba ko sunan da ke G-INFO shi ne sunan wanda kake magana da shi. Masu damfara suna ɗauko hoton jirgi na gaske daga tsohuwar talla su sake liƙawa da lambar wayarsu. In sunan ya saɓa, ka nemi bayani. Wani lokaci akwai dalili mai kyau, domin a Ingila mutum uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su sayi gilaida ɗaya, a rubuta sunan ɗayansu a madadin sauran. Ka tambayi kulob ɗin da jirgin yake ajiye, ka samo adireshinsu da kanka, kada ka karɓa daga hannun mai sayarwa.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da gilaidar Ingila. Shekaru da yawa gwamnatinsu ba ta yi wa irin waɗannan jirage rajista ba. Ƙungiyar masu gilaida ta ƙasar, BGA, wadda aka kafa a 1929, ita ce ke ba su lamba, ita ce ke ba su shaidar lafiya. Sai wajejen 2008, da dokokin Tarayyar Turai suka hau kansu, aka kwashe mafi yawansu aka zuba a rajistar G. Saboda haka kada ka yi mamaki in ka ga Ka 6 da aka ƙera a shekarun 1960 amma tarihin masu shi a G-INFO ya fara daga 2008. Shekaru arba'in ɗin da suka gabata suna ƙarƙashin lambar BGA, in kuma daga Jamus aka shigo da shi na hannu, akwai wani yanki a ƙarƙashin lambar D. Waɗanda suka fi shi tsufa ma, irin su Slingsby T.21 da Grunau Baby da Olympia, da yawansu an bar su a hannun BGA, ba za ka same su a G-INFO ba ko kaɗan. Rashin ganin irinsu a rajistar gwamnati ba shi ke nuna na sata ne ba. Akwai kuma ƙungiyar masu riƙon tsoffin gilaida da Chris Wills ya kafa a 1973, wadda ke tara tarihin irin waɗannan jirage, kuma membobinta mutane ne masu son a tambaye su.

To tunda haruffan jiki suna canjawa, me ake riƙewa? Lambar masana'anta. Haruffan rajista kamar lambar mota ce, ana cire ta a sa wata in an canja gari. Lambar masana'anta ita ce lambar shasi. Tana kan ɗan faranti na ƙarfe a cikin gangar jikin jirgin. Ka ce a ɗauko maka hotonsa kusa-kusa. Kuma kada ka tsaya nan: gilaida ana kwance ta ne gida huɗu, ganga, fiffiken dama, fiffiken hagu da wutsiya, don a sa ta a tirela. A shekara sittin, sau da yawa jirgi ya yi hatsari an ɗauko fiffiken wani an haɗa masa. Wannan halas ne in an rubuta. In lambar da ke gindin fiffike ta saɓa da ta ganga kuma littafin jirgin bai ce komai ba, to akwai labarin da ba a ba ka ba.

Me ya sa muke nacewa a kan takarda haka? Kai da kake aikin katako za ka fi kowa fahimta. Bari in faɗi abin da ke ƙarƙashin fentin nan.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar sulhu ta Basai (Versailles) ta ɗaure wa Jamus hannu a kan jirage masu inji, sai matasansu suka koma tsaunin Wasserkuppe suna tashi da iska kawai. Gasar farko a can 1920 aka yi ta. A gindin wannan tsauni, a garin Poppenhausen, Alexander Schleicher ya buɗe masana'antarsa a 1927, kuma a can Rudolf Kaiser ya zana Ka 6, wanda ya fara tashi a 1955. Faɗin fukafukansa mita 15, nauyinsa babu mutum bai kai kilo 200 ba. A iska kwantacciya, duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kusan mita 30 a gaba. Wato daga tsayin mita 1,000 sama da ƙasa zai yi kusan nisan Jos zuwa Heipang ba tare da ɗigon mai ba. In kuma matuƙin ya sami iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa da rana, irin wadda shaho da ungulu ke kewayawa a cikinta ba sa kaɗa fiffike, sai ya hau ta ya yi awoyi a sama. Heinz Huth ya ci gasar duniya da wannan jirgi a 1960 da 1963. An ƙera fiye da dubu. Amma tun 1957 ɗaliban Stuttgart suka tashi da Phönix, gilaidar farko ta faiba, kuma cikin shekara goma sha wani abu zamanin katako ya wuce. Ƙarami a cikin Ka 6 yau ya haura shekara 50. Dalilin arahar ke nan.

A cikin fiffiken akwai ƙashin baya guda ɗaya, dogon katako da aka harhaɗa sala-sala, shi ke ɗauke da nauyin komai. A kansa aka jera haƙarƙari, siraran sanduna da ba su kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Gaban fiffiken an lulluɓe shi da filawud na itacen ƙasashen sanyi, wani wurin kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Bayansa kuma yadi ne aka ɗame da magani. Katakon da ake yarda da shi yana da sharuɗɗa: jijiyarsa kada ta karkace fiye da ɗaya cikin 15, danshinsa lokacin mannewa ya kasance tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. In za a yi ƙari, ba a haɗa baki da baki. Fere shi ake yi a karkace, tsawon feren ya ninka kaurin sau 12 zuwa 15, har haɗin ya yi ƙarfin katakon asali. Ɗan abin sha'awa, kamfanin Slingsby na Ingila ya lulluɓe fukafukan samfurin Skylark da filawud na itacen okume, wanda daga Gabon ake saro shi.

A haɗin katako da katako babu ƙusa da ke ɗaukar nauyi. Gam ne ke riƙe da komai, kuma gam shi ne abin da ido ba ya gani. Tsoffin jirage na farko da gam ɗin madara aka manne su, wanda in ya sha danshi fumfuna ke cinye shi, har wari yake yi in ka sa hanci a ƙofar dubawa. Masana'antun Jamus na zamanin Ka 6 sun yi amfani da gam mai suna Kaurit sosai, na Ingila kuma Aerolite. Dukansu dangi ɗaya ne, kuma zafi haɗe da danshi yana tsofar da su. Kaurit da ya lalace yakan bushe ya zama garas-garas, ka danna haƙarƙari da yatsa ka ga ya rabu da filawud fes, ba tare da ya yago ko ɗan zaren katako ba. Haɗi mai lafiya in aka tilasta shi, katakon ne ke yagewa ya bar gam ɗin. Aerodux, mai launin ja mai duhu, shi ne ya fi jure ruwa, shi ya sa ake yawan gyara da shi. Tun 1972 hukumar Jamus ta fitar da umarnin a riƙa duba mannin haƙarƙarin farko na filafilin wutsiya a wannan dangin jirage, domin in ya saki matuƙi ya rasa ikon ɗaga hanci da sauke shi. BGA kuma tun 2004 ta wajabta binciken gam lokaci-lokaci a jiragen katako na Schleicher.

Akwai kuma cutar da ta fi wannan ɓuya. In fiffike ya daki ƙasa da ƙarfi, jijiyoyin katakon ƙashin baya kan murƙushe a ciki. Abin da za ka gani, in ka gani ma, ɗan siririn layi ne da ya gitta jijiya, sai an haska tocila a karkace yake bayyana. Katakon yana nan cif a ido, amma ƙarfinsa ya tafi. Hanyar da mai duba jirgi zai san inda zai kai tocilarsa ita ce ya karanta cewa a shekara kaza jirgin ya yi mummunar sauka a ɓangaren hagu.

A nan rajista ta tsaya, littafin jirgi ya karɓa. Rajista tana gaya maka wane jirgi ne, na wane ne, daga ina ya fito. Ba ta gaya maka an taɓa barin sa damina biyu a tirela mai yoyo. Littafin jirgi da fayil ɗin gyaransa su ne ke ɗauke da awoyin tashi, yawan tashi, kowane gyara da sa hannun wanda ya yi, ranar da aka canja yadi, sakamakon awon nauyi, da shaidar an bi kowane umarnin hukuma. Ka nemi hoton kowane shafi, ba na ƙarshe kawai ba. Sai ka jera su gefe da gefe da abin da rajista ta nuna. Inda rajista ta ce jirgin ya canja hannu, littafi ya kamata ya nuna haka. Inda ka ga shekara biyar ko goma babu rubutu, tambayar ita ce a ina ya kwana duk wannan lokaci. Ni a wurina, Ka 6 mai fenti sabo da littafi mai giɓi bai kai darajar mai kodaɗɗen fenti da cikakken littafi ba, ko kusa. Kuma ko takardu sun cika, ka biya wani mai duba gilaida mai izini, wanda ba abokin mai sayarwa ba, ya je ya buɗe ya duba ya rubuto maka. In ba haka ba cinikin biri a sama ka yi.

Yanzu mu dawo gida. Rajistar 5N tana hannun Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, wadda ke aiki yau da dokar 2022, kuma kashi na 4 na ƙa'idojinta shi ne ya shafi rajista da lambobi. Kafin 'yanci jiragen nan ƙasar VR-N suke ɗauka. Hanyar da doka ta shimfiɗa wa ɗan ƙasa mai neman bayani ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa. In ta ƙi, dole ta rubuta sashen da ta dogara da shi, kuma kana da kwana 30 ka kai maganar kotu. Kuɗin da za a caje ka na kwafi ne kawai. Sashe na 14 ya kare bayanan sirrin mutum, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, don haka kada ka sa rai a ba ka adireshin gidan wani. Amma sashe na 18 ya ce in takarda ta ƙunshi abin da aka kare da wanda ba a kare ba, a ware a ba da wanda ya halatta. Saboda haka ka rubuta buƙatarka a taƙaice: samfuri, lambar masana'anta, ranar rajista, ranar soke ta, da ƙasar da jirgin ya fito ko ya tafi. Ka kai da hannu a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Mai neman tarihin zamanin Turawa kuma ya nufi gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko na Ibadan.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Na yarda mutum yana da haƙƙin kada a baje ƙofar gidansa a intanet, balle a halin da muke ciki na satar mutane. Amma tarihin jirgi ba sirrin mai shi ba ne, domin a kan gidajen mutane yake wucewa, kuma wani ne zai saye shi gobe ya sa ransa a ciki. Abin da nake fata shi ne rajistar 5N ta zama kowa na iya bincika ta daga wayarsa, da lambar masana'anta, da ranaku, da matsayin shaidar lafiya, har da tsoffin shafukan VR-N, a rufe adireshi kawai. Ɗalibin Zariya mai koyon gyaran jirgi zai amfana, banki mai ba da bashi zai amfana, ɗan jarida zai amfana. Jirage sun fara sauka Kano tun Nuwamba 1925, kuma ƙarni guda na tarihi bai kamata ya zauna a durowa ba.

Saura batun tashi a Jos. An taɓa yin wannan harka a yankinmu: Bajamushiyar matuƙiyar jirgi Hanna Reitsch ta gudanar da makarantar gilaida a Afienya ta Gana daga 1962 har juyin mulkin 1966. Iskar Filato ma mai kyau ce ga wannan aiki, ga duwatsu da ke ɗaukar zafin rana, ga tsaunukan Shere. Amma Ka 6 kujera ɗaya gare shi, ba a koyo a cikinsa. Sai an sami mai kujera biyu irin ASK 13, da malami mai lasisi, da abin da zai ja jirgin sama, ko injin naɗe waya ko ƙaramin jirgi mai inji, da fili da izinin sararin sama. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, iska ta fi sirantaka, jirgi yana buƙatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. Babban abin tsoro kuwa shi ne juyin yanayi. Katakon da ya zauna shekara sittin a danshin Ingila zai fara shan zafin kwantena a teku da tashar Legas, sannan hunturu ya tsotse shi ƙarau. Katako yana tsukewa, ƙusoshin da ke riƙe da ƙarafunan haɗi su yi sako-sako, filawud ya tsage. Damina ta zo ya sake kumbura. Wannan kai da komo shi ne abin da tsohon Kaurit ba ya jurewa. Ga ƙanƙarar Jos da ke iya huda yadi, ga gara, ga ɓera mai son yin gida a cikin fiffike, fitsarinsa kuma yana cin gam.

In ka ƙudura sai ya tashi, to ka fara da NCAA a Abuja tun ba ka biya ko kwabo ba. Ka je da samfurin da lambar masana'anta, ka tambayi sashen kula da lafiyar jirage ko za su karɓi wannan samfuri, da izinin da ake buƙata kafin a shigo da shi, da wanda suka yarda ya sa hannu a kan gyaran jirgin katako. Kada ka bari mai sayarwa ya soke rajistar G sai ka sami amsarsu a rubuce, domin jirgin da ya fita daga rajista ɗaya bai shiga wata ba ba shi da ƙasa, ba kuma zai tashi a ko'ina ba.

In kuwa manufar koyarwa ce ta fi ƙarfi, kamar yadda na fahimta daga wasiƙarka, akwai hanya mafi sauƙi. Kulob-kulob a Turai suna da jiragen katako da suka faɗi binciken gam, ba za su ƙara tashi ba, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Irin wannan ba ya buƙatar rajistar 5N, sai dai ka tabbatar an rubuta a rajistar can cewa an janye shi daga aiki har abada, ka kuma share maganar kwastam tun da wuri da takarda mai nuna kayan koyarwa ne. Ka roƙa a haɗo maka da farantinsa da littafinsa da zanen masana'anta in akwai. Ka yaye yadin fiffike ɗaya ka bar ɗayan a rufe, ka rataye su a ɗaki mai iska, nesa da bango da ƙasa, ka rubuta a jikin ƙashin bayan kowanne da jan fenti cewa ba na tashi ba ne, don kada wani ya gaje shi bayan shekaru ya yi tunanin gwadawa. Ɗalibanka su fara da kwaikwayon haƙarƙari ɗaya, su manne shi, ya bushe, sannan su karya shi da hannunsu su duba ko katakon ne ya yage ko gam ne ya saki.